Filafilai Tara da Igiya Ɗaya

A garinmu ba mai kiran mahaifina da sunansa. Tsaya-ka-ji ake ce masa, kuma shi ya jawo wa kansa. Duk wanda ya bi ta gaban gidan tarihin da ke bakin tafki, ko da gudu yake, sai Baba ya ɗaga masa hannu daga kan bencinsa ya ce, "Tsaya ka ji." In ka tsaya kuwa, to ka yi sallama da abin da ya fito da kai. Akwai direban da ya shiga roƙon ruwan da zai zuba wa mota, ya fito bayan awa biyu ya tarar fasinjojinsa sun hau wata motar sun yi gaba. Har ya bar tuƙi yana ba da labarin, kuma bai taɓa cewa ya yi nadama ba.

Asalin sana'ar Baba gyaran koma ne. Masunta su kawo masa ragarsu da ta yage, ya zauna a gindin bango da zare da allurar katako ya ɗinke. Bai yi nisa a karatu ba, sunansa ma da ƙyar yake rubutawa, amma ka ba shi guntun igiya idonsa a rufe, zai gaya maka hannun da ya ƙulla ta. Yakan ce kowa da irin tafiyarsa, kowa da irin ƙullinsa: wani ya ninka sau biyu, wani ya bar jela doguwa, wani ya datse da haƙori.

Ina 'yar wata bakwai a bayan Inna aka yi babbar iska. Ƙananan kwale-kwale tara suka fita da safe, mutum ɗaya a kowanne, ruwa kwance lafiya lau. Kafin la'asar tafkin ya haukace. An yi kwanaki ana nema, ba a ga mutum ba, ba a ga jirgi ba. Abin da ruwa ya dawo da shi filafilai ne, wato katakon da suke tuƙi da shi, yau ɗaya jibi biyu, har suka cika tara. A cikinsu har da na yayana, ɗan shekara goma sha tara, wanda shi kaɗai ne namiji a gidanmu.

Ba gidan da ya iya ajiye nasa. Wa zai kwana ɗaki ɗaya da abin da ya dawo ya bar mai shi? Sai Baba ya roƙi tsohon siton auna kifi da aka daina amfani da shi, ya share, ya kafa ƙusa tara a bango ya rataye su. Gidan tarihin garinmu ke nan, haka ya fara. Ɗaki biyu ne da baranda, ƙugiyar sikeli har yau tana lilo a rufin, kuma in damina ta yi nisa bangon yakan tuna da warin kifi.

Daga nan mutane suka gano inda za su kai abin da ba sa iya jefarwa kuma ba sa iya kallo. Tela ya rasu, 'ya'yansa suka kawo kekensa. Aka kawo ƙararrawar makarantar farko, jakar ungozoma, rediyon da duk unguwa ke taruwa a kansa, fitilar mai gadin mashigin jirgi, hotunan mutanen da ba wanda ya rage da zai ce ga sunansu sai Baba. Ɗaki na biyu kuwa wani da ake kira Mai Fenti ne ya cika shi da zane-zanensa. Allunan shaguna yake rubutawa, in ba aiki ya zana tafki da mutanen gari a kan kwali da guntun falanki. Ya iya zana ruwa, ya iya gajimare, amma duk wanda ya zana hanci ɗaya yake ba shi, nasa. Baba yakan ce wa baƙi, "Kada ku ga kamar dangi ne, hancin ne kawai aka yi musu aro."

Ba ko takarda ɗaya a jikin kayan nan. Igiya ce. Kowane abu da guntun igiya a wuyansa ko a ƙafarsa ko a bayan firam, da ƙulle-ƙulle a jiki, ta yi baƙi ƙirin saboda hannu. Baba zai tsaya gaban abu, ya kai yatsu ya lalubi igiyar, sannan bakinsa ya buɗe: na wane ne, ɗan wane, ga ranar da aka kawo, ga abin da matarsa ta ce a bakin ƙofa. Tun ina ƙarama nake ganin haka, na ɗauka ɗabi'a ce kawai, kamar mai shafa gemu kafin ya yi magana.

Wuri ɗaya ne surutunsa ke ƙarewa. In ina cikin ɗakin aka iso bangon filafilai, sai ya ce, "Waɗannan na shekarar iska ne," ya wuce. An ce in ba na nan yakan faɗi sunayen tara ɗin ɗaya bayan ɗaya. Ni dai ban taɓa ji ba, kuma ban taɓa tambaya ba, don a gidanmu ba a taɓa maganar. Inna ba ta sake taka bakin tafki ba. In za ta kasuwa ta bayan asibiti take zagayawa, hanyar da ta ninka tsawo. Shekara talatin da ɗaya mijinta na aiki a ginin nan, ba ta san kalar ƙofarsa ba. Sau ɗaya a shekara, in watan ya zagayo, nakan ji Baba ya ce mata a hankali, "Ranar da kika shirya, yana nan da igiyarsa." Ita kuma ta ci gaba da abin da take yi.

Ni ce 'yar boko a gidan. Na tafi na yi karatu, na dawo da takarda, hukumar gari ta ɗauke ni na zama jami'ar gidan tarihin, Baba kuma aka bar masa makulli da bencinsa. Ba zan ɓoye hali na ba: ina da zafin kai, kuma na tsani ƙazanta da jan magana. Na sayi babban littafi na ce za mu rubuta komai. Ranar farko muka fara da wata buta, har azahar ba mu gama da butar ba, mun shiga auren kakar mai butar. Na rufe littafin na ce, "Baba, don Allah a taƙaice!" Ya ce, "Uwata," haka yake kirana, "mutum guda ne fa, yaya za a taƙaita shi?" Na ce ai takarda ta fi igiya. Ya ce takarda gara ke ci. Muka bar shi a kan sai an samu lokaci, kuma ba a samu ba.

A shekarun nan ya fara mantuwa a gida. Ya tambaye ka abu, ka ba shi amsa, kafin ka juya ya sake tambaya. Rannan a cikin tulun ruwa muka tsinci makullin. Amma da ya shiga ɗakunan nan biyu, ko suna ɗaya ba ya kuskurewa, sai na kwantar da hankalina na ce tsufa ne kawai, abin da ke da muhimmanci yana nan daram a kansa.

Sai abu biyu suka haɗu a wata ɗaya. Likita ya ce a kai Baba birni a cire masa yanar ido, zai yi kwana goma sha biyu a gidan ƙanwarsa. Hukuma kuma, bayan shekara uku ina rubuta mata wasiƙa, ta turo masu fenti da kafinta da akwatunan gilashi, ta sa ranar da shugabanta zai zo ya sake buɗe wurin. Na yi murna har na kasa zama. Na ce Baba zai dawo da sabon ido ya ga sabon gida.

Muka fitar da komai tsakar fili. Filafilan aka sauke aka tara su wuri ɗaya kamar itacen girki. Dama masassaƙi ɗaya ne ya sassaƙa su daga icce iri ɗaya, tsawo ɗaya, faɗi ɗaya, ba abin da ya raba su sai dattin hannu da igiyoyin wuyansu. Na ce wa kafinta ya goge su da sanfefa ya shafa musu mai su yi ƙyalli.

Ya ɗaga ɗaya ya juya shi. Ya ce, "Anti, igiyoyin nan fa?"

Na ce, "A yanke."

Ya ce, "Da dai an bari Baba ya dawo. Na ga kamar yana ji da su."

Na ce, "Kai aka ɗauka aikin ko ni? Shugaba zai zo ya tarar da tsummoki na lilo a bango? In Baba ya dawo zan zaunar da shi mu rubuta komai a kati, da inji, yadda ake yi a ko'ina."

Ya ƙi yankewa. Sai na karɓi wuƙarsa na yi da kaina. Na bi keken tela, na bi ƙararrawa, na bi bayan kowane zane na Mai Fenti. Na filafilan sun fi tauri, sun bushe sun zama kamar waya. Akwai ɗaya da na fara gwada kwancewa da farce, ya ƙi, don a baibai aka ƙulla shi, duk inda na ja sai ya ƙara ɗaurewa. Na tuna sarai abin da na ce. Na ce, "Wane marar aikin yi ne ya ɗaure wannan?" Na sa wuƙa. Da yamma aka tara igiyoyin da tsofaffin kwalaye da ƙurar katako aka cinna musu wuta a bayan gini, ni na miƙa ashanar.

Baba ya dawo ana gobe buɗewa, da baƙin tabarau, yana ta mamakin yadda ashe fuskar Inna ta tsufa bai sani ba. Ta ce ai gara da bai gani ba. Washegari da safe ina ɗaura ɗankwali sai na ga Inna ta fito da zanen da take ajiyewa a ƙasan akwati. Na ce, "Inna, unguwa za ki?" Ta ce, "Aikin 'yata zan je in gani." Ba ta dubi kowa ba da ta faɗa. Baba ya ajiye kofin da ke hannunsa a hankali, kamar wanda ke tsoron ƙara za ta kori maganar. Muka fita mu uku tun kafin jama'a su taru. Ta bi hanyar bakin tafki, tana kallon ƙafafunta har muka isa.

Da na buɗe ƙofa, Baba ya cire tabarau ya tsaya. Farin fenti, gilashi, fitilu a rufi. Ya ce, "Kai! Uwata, ashe haka ɗakin nan yake da girma?" Zuciyata ta yi fari. Ya ja Inna wajen keken tela, don ya fara mata da mai sauƙi. Ya ce, "Tsaya ki ji," ya kai hannu wuyan keken. Yatsunsa suka zagaya, suka sake zagayawa. Ya buɗe baki, ba abin da ya fito. Ya matsa wajen ƙararrawa ya laluba. Ya leƙa bayan wani zane. Sai na ga ya juya da sauri irin wanda ban taɓa ganin ya yi ba, ya nufi bangon filafilai.

Suna nan su tara a jere, ja-ja-wur, suna ƙyalli, kai ka ce yau aka sassaƙa su. Inna ta bi shi ta tsaya a bayansa. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Malam, wanne ne?"

Ya shafa wuyan na farko. Na biyu. Har na tara. Ya dawo baya ya sake bi.

Ya ce, "Uwata, ina igiyoyin?"

Na ce, "Na cire, Baba. Sun yi datti. Za mu rubuta a kati, kai dai ka faɗa mini kawai."

"Ina kika ajiye su?"

Na gaya masa.

Bai ɗaga murya ba. Da ma ya ɗaga. Ya ce, "Na sauran kayan ni na ƙulla, don in riƙa tunawa. Shekara biyar ke nan in ban taɓa igiya ba, ba na ganin komai a kaina, na dai ɓoye muku ne. Amma na jikin waɗannan ba ni na ɗaura ba. Kowannensu shi ya ɗaura tasa da hannunsa, yana saƙalawa a wuyan hannu don kada ruwa ya ƙwace masa filafili. Da ita na gane na kowa ranar da suka dawo. Yayanki bahago ne. Tasa a baibai take."

Na dafa akwatin gilashi. Wato na riƙe aikin hannun yayana, abu ɗaya da ya rage wanda yatsunsa suka taɓa, na zage shi, na yanke, na ƙona. Garin neman gira na rasa ido, kuma ba idona kaɗai ba.

Na matsa kusa da shi na yi ƙasa da murya yadda Inna ba za ta ji ba. Na ce, "Baba, don Allah ka nuna mata ɗaya. Ko wanne. Ba za ta sani ba." Ya dube ni da sabon idon nan nasa. Ya ce, "Shekara talatin da ɗaya ban yi wa baƙo ƙarya a ɗakin nan ba. Da uwar ɗana zan fara?" Ya juya wajenta ya ce, "Ban sani ba. Yana cikinsu, amma ban san wanne ba ne."

Inna ba ta yi kuka ba, ba ta kuma dube ni ba. Ta kama gefen mayafinta ta goge na farko daga sama har ƙasa, ko da yake ba ƙura a jikinsa. Ta goge na biyu. Tana kan na bakwai motar shugaba ta tsaya a waje. Aka yanka ƙyalle, aka yi jawabi, aka ce ba a taɓa ganin wurin da tsabta haka ba, aka kira ni gaba aka tafa mini. Na tsaya ina murmushi a hoto, kuma ban taɓa jin na tsani kaina irin na ranar ba.

Na yi abin da zan iya, ko da yake ihu ne bayan hari. Na ɗauki babban littafin nan na bi gida gida. Wajen rabin kayan na samo masu su, sauran suna nan da kati mai cewa ba a san mai shi ba. Filafilan kuwa ba wanda ya iya. Iyayen wasu sun rasu, wasu sun bar garin, waɗanda suka rage kuma da gurbi suka san nasu, na uku daga taga, na kusa da ƙofa, ni kuma na hautsina gurbin. Wata tsohuwa da mijinta ke cikin taran ta ce mini, "'Yar nan, ai mun bar wa babanki ne ya riƙe mana, shi ya sa ba mu riƙe ba." Ba ta zage ni ba ita ma. Na rasa me ya sa kowa ya ƙi zagina.

Baba bai sake cewa kowa ya tsaya ya ji ba. Kullum da safe yakan zo ya buɗe ƙofa ya zauna a bencinsa, mutane su wuce su gaishe shi, ya amsa, shi ke nan. Yara suka fara tambayar dalilin da ya sa ake kiransa da wannan suna. In baƙi sun zo ni nake zagayawa da su, in karanta musu kati, minti goma mun gama. Abin da na daɗe ina so ke nan, a taƙaice.

Abu ɗaya ya koma yi. Ya sayi ƙunshin zaren koma, yana zaune yatsunsa na ta ƙullawa suna kwancewa, idonsa a kan ruwa. Na lura da hannun hagu yake yi, shi da ba bahago ba. Wata uku yana wannan. Rannan da hantsi ya kira ni, ya miƙo mini guntun igiya mai madauki, da ƙulli a baibai, irin wanda in ka ja sai ya ƙara ɗaurewa. Na gane shi tun kafin ya yi magana, farcena ya san shi.

Ya ce, "Haka yake yi. Ni na koya masa, ya juya mini shi. Ba hannunsa ba ne, nawa ne, amma haka yake yi. Ki kai wa uwarki."

Na durƙusa a gabansa na ce ya yafe mini. Ya ce, "Laifina ne da na ajiye mutane a igiya. Kin ce in faɗa a taƙaice, na ƙi." Wannan ya fi mari zafi. Bai ga ƙarshen daminar shekarar ba, Allah ya jiƙansa. Makullin yana hannuna yanzu, bencin kuma na bar shi inda yake.

Inna ce ke zuwa. Duk ranar Laraba da safe, kafin baƙi, ta biyo ta bakin tafki da tsumma mai tsabta a jaka. Ta goge filafilan nan tara, ba ta fifita ko ɗaya. In ta gama, sai ta zare igiyar Baba daga wuyan wanda take kai, ta saƙala wa na kusa da shi. In ta kai na tara ta dawo na farko. Ranar da na fara ganin haka na tambaye ta dalili. Ta ce, "In na bar ta wuri ɗaya, watakila har in mutu tana wuyan ɗan wani. A haka kuwa dole ta bi ta kansa."

Na rubuta kati sama da ɗari biyu a gidan nan, da inji, ba kuskure. Na bangon nan ne na kasa rubutawa, har yau ba komai a ƙarƙashinsu. Sau ɗaya a mako tara igiyar tana wuyan mai ita, ni da Inna ba mu san wane mako ba ne.